Ɗigo Tamanin da Uku

Ranar da sakamakon ya fito, Auta ta shigo gida da rana tsaka, ta jefar da jakarta a bakin ƙofar falo, ta wuce ɗaki. Ba sai an tambaye ta ba. Karo na biyu ke nan ta faɗi jarrabawar lissafin magani a kwalejin koyon aikin jinya, kuma dokar kwalejin ba ta da kwana-kwana: dama uku ake ba ɗalibi, wanda ya faɗi ta uku sai ya tattara kayansa. Shekara biyu da rabi tana wanki da gugar farar riga, tana sammakon zuwa asibiti, duk za su tashi a banza in ta sake faɗuwa. Saura mako shida a yi zama na uku.

Ni ne yayanta, ina koyar da lissafi a wata sakandare. Faɗuwar ta ɓata mini rai, amma yadda gidanmu ya karɓe ta ya fi ɓata mini.

"Lokaci ne bai yi ba," in ji Mama, tana ninke wanki.

"Wane lokaci?" in ji Gwaggo daga kan kujerarta. "Sabuwar malamar nan ce muguwa. Ina aka taɓa jin yarinya ta haddace Kundi tas, a ce ta faɗi?"

Gwaggo yayar babanmu ce. Ta yi shekara talatin tana aikin jinya, da ta yi ritaya ta dawo wurinmu da zama. Kundin da take magana kuwa abin alfaharin gidanmu ne, don da hannunta ta rubuta shi tana ɗaliba. A zamaninsu akwai wani malami da ke da tambayoyin lissafi waɗanda ba ya canzawa. Ita ta fi kowa kyan rubutu a ajin, sai ta tattara tambayoyin da amsoshinsu a littafi guda, da ta gama ta bar wa na baya. Na baya suka kwafa suka bar wa na bayansu. Da injin fotokwafi ya zo, abin ya zama haja a shagon bakin ƙofar kwalejin. Shi kuma malamin, da ya ga an hutar da shi, sai ya daina ɓata allinsa. In aka tambaye shi, ya ce a je a duba Kundi. Haka ya ci albashi har ya tsufa. Bara ya yi ritaya, aka kawo wata matashiya, ta canza lambobi, aji ya zube.

Da la'asar na kira Auta, na ce ta kawo mini Kundin. Ta kawo shi an lulluɓe bangonsa da leda, gefen shafukan ya yi baƙi saboda shafa.

"Tambaya ta bakwai," na ce.

Ban rufe baki ba ta kwararo ta, tambaya da amsa, har da inda aka ja layi.

"To, in maganin gram biyu ne maimakon ɗaya fa?"

Ta dube ni kamar na zagi wani babba. "Yaya, ai ba haka take ba."

"Na sani. In haka ta zo fa?"



Na ci gaba da buɗe shafuka, raina yana tafasa, har na zo ta sha huɗu. Yaro ne za a ƙara wa ruwa mil ɗari biyar cikin awa takwas, robar ƙarin ruwan tana ba da ɗigo ashirin a kowane mil. Ɗigo nawa za a saita a minti?

"Tamanin da uku," in ji Auta, har da ɗan murmushi, don ta samu wadda ta sani.

Na ja takarda na buga. Ashirin da ɗaya. Na sake bugawa, ashirin da ɗaya. Na koma Kundin na bi aikin layi-layi. Ya fara da ɗari biyar da awa takwas, a tsakiya kuma sai ga dubu ɗaya da awa huɗu sun faɗo daga sama. Kan wata tambaya ne aka ɗinka wa gindin wata. Na duba ta gaba, sai na ga an rubuta sha shida.

"Ina ta sha biyar?"

"Babu sha biyar."

"Kamar yaya babu?"

"Haka Kundi yake, Yaya. Kowa ya san daga sha huɗu sai sha shida."

Kowa ya sani! Shekara talatin da 'yan kai, ɗaruruwan mutane masu ido biyu, waɗanda za a damƙa wa allura da rayukan 'ya'yan mutane, sun bi ta kan ramin nan suna rera shi kamar waƙa, ba a samu ɗaya da ya tsaya ya ce ina sha biyar ta tafi ba. A fili yake takarda guda ce ta fita daga littafin asali: ƙarshen ta sha huɗu, farkon ta sha biyar, da kuma, ga dukkan alamu, bayanin hanyar da ake bi a yi lissafin, don babu shi a ko'ina cikin Kundin. Kowace shekara suna rasa makin tambaya biyu, su ci sauran da hadda, a sa musu hula a ɗauki hoto.

Na fito falo da Kundin a hannu. "Gwaggo, ina tambaya ta sha biyar?"

Ta gyara gilashinta, ta dubi talabijin. "Furofesa ya fara. Kai dai ba ka ganin abu ka bar shi yadda ka same shi."

"Akwai takardar da ta fita."

"Littafin da ya girme ka, za ka tuhume shi? Nas nawa ya fitar? Je ka asibiti ka ƙirga."

"Su nake tsoro," na ce. Mama ta harare ni, amma ban janye ba.

A daren ranar ban yi komai ba. Washegari da safe na samu babbar takarda na zana wa Auta jadawali, na manna a bangon ɗakinta. Kowace awa da aikinta, har lokacin shan shayi na ƙayyade. A sama na rubuta ƙa'idar da jan biro: yawan ruwa sau ɗigon roba, a raba da mintoci. Na ƙwace Kundin na kulle a durowata.

Kwana tara muka yi muna wannan. Ina dawowa daga makaranta in zaunar da ita a teburin cin abinci, in jero mata tambayoyi. Ta ci biyu, ta faɗi uku. Yau ta raba da awa maimakon minti, gobe ta juya sama ƙasa. Ta kawo mini amsa ɗigo dubu ɗaya da ɗari biyu a minti, fuskarta ko gezau.

"Dubu da ɗari biyu? Famfo za ki sa masa?" Na buga tebur. "Ba ki da tunani ne?"

Ta ajiye biron a hankali. Idonta ya cika.

"Yaya, kai ma hadda ka ba ni. Ka ƙwace tasu ka ba ni taka, da jan biro. Ni ban san me lambobin nan suke nufi ba. Ashirin da ɗaya da tamanin da uku duk ɗaya ne a wurina, baƙi ne a kan takarda. A asibiti ba a barin ɗalibi ya saita ruwa, sai dai mu riƙe tire. Ka ba ni Kundina, aƙalla shi ba ya yi mini tsawa."

Ta tashi ta shige ɗaki. Na zauna da jan birona kamar wawa. Gaskiya ta faɗa, kuma ba ta yi mini daɗi ba. Gwaggo tana kujerarta, ta ji komai.

Ranar Asabar da hantsi na ji ana jan akwati a ɗakin Gwaggo. Can sai ga ta ta fito tsakar gida da ledar ƙarin ruwa mai mil ɗari biyar wadda wa'adinta ya wuce, da robarta, da ɗan agogon da take maƙalawa a ƙirji lokacin tana aiki. Ta rataye ledar a ƙusar igiyar shanya, ta sa bokiti a ƙasa.

"Auta! Fito da kujera. Kai ma Furofesa zo, amma ka bar bakinka a ɗaki."

Ta nuna wa Auta 'yar kwalbar da ruwa ke ɗiga a ciki, da ɗan abin da ake murzawa da babban yatsa. "Bokitin nan yaro ne, shekararsa huɗu, uwarsa tana tsaye a kanki. Likita ya ce awa takwas. Kundi ya ce nawa?"

"Tamanin da uku."

"Saita."

Auta ta ɗauki kusan minti goma tana murzawa tana ƙirgawa da agogo kafin ta samu. Ɗigon yana sauka da sauri, kusan ba ya rabuwa.

"Yanzu zauna. Kar ki tashi."

Muka zauna. Rana ta taso ta bar bakin katanga. Mama ta wuce da tsintsiya ta dawo, ta dube mu ta girgiza kai. Ledar tana motsewa a kan idonmu. Awa biyu cif, ɗigon ƙarshe ya faɗa, robar ta tsaya fayau.

"Ƙarfe nawa?" in ji Gwaggo.

Auta ta duba agogo, ta dubi bokitin. "Awa biyu ne kawai."

"Ruwan awa takwas kin ɗura masa cikin biyu. Zuciyarsa ba ta kai girman dunƙulen hannunki ba. Ruwan nan huhunsa zai tafi. Za ki ji yana numfashi kamar ana tafasa abu, uwar tana tambayarki me ya same shi."

Auta ta sa hannu ta rufe baki. Ta haddace tamanin da uku tun shekarar farko, yau ta fara ganin ta.

Gwaggo ta zauna a bakin rijiyar da aka rufe, ta cire gilashi tana goge shi da gefen zane. Ba ta dubi kowa ba.

"Ni na yage takardar."

Ta mayar da gilashin, ta ci gaba.

"Ranar jarrabawarmu. Lissafin ruwan nan ne ba ya shiga kaina, duk da ni na rubuta shi. Na yage ta na ninke na cusa a safa. Mai tsaron jarrabawar kuma ta zo ta kafe a kaina tun farko har ƙarshe, ko sunkuyawa ban yi ba. Da na fito na jefa ta a kwata don tsoro. Littafin kuma na miƙa wa na baya haka nan."

"To a ina kika koya?" in ji Auta.

"A ɗakin yara. Wata tsohuwar sista, babbar nas ɗin ɗakin, ta kama ni na sakar wa jariri ruwa, ta buge mini hannu a gaban mutane, ta tsayar da ni da agogo har na iya."

Na yi alkawarin barin bakina a ɗaki, amma ya biyo ni. "Shekara talatin, Gwaggo. Kin sani, kina ji ana yabon Kundi kina gyara zama."

"Na ɗauka malamin zai cike musu. Daga baya na ce ai kowa zai koya a bakin aiki, yadda na koya."

"A jikin 'ya'yan wa? Wadda ba ta samu sista mai buge hannu ba fa?"

Mama ta kira sunana da muryar gargaɗi. Gwaggo ta ɗaga mata hannu. "Bar shi. Bakinsa ba daɗi, amma ba ƙarya ya yi ba." Ta miƙe ta kwance ledar. "Auta, cika ta da ruwan famfo. Yanzu ki nemo mini ɗigon da zai kai yaron nan awa takwas. Kar ki tambayi yayanki."

Ta nemo. Ta fara da cewa in awa biyu tamanin da uku ne, awa takwas dole ya ragu sau huɗu. Daga nan ta koma takarda, ta mayar da awa takwas mintoci, ta ƙirga ɗigon da ke cikin ledar gaba ɗaya, ta raba. Ashirin da ɗaya. Ƙa'idar da na yi kwana tara ina buga tebur a kanta, ta gina ta da hannunta kafin azahar.

Da yamma ta cire jadawalina daga bango, ta manna nata a wurin. Layi uku ne kawai. Kullum da safe tambaya biyar, ita za ta ƙirƙiro lambobin. Kafin ta taɓa biro, sai ta fara cankar ko amsar za ta yi yawa ko kaɗan. Kowace Asabar za ta gwada ɗaya a jikin leda, kuma kafin mako na ƙarshe tana so ta iya kowace iri cikin minti uku ba tare da ta duba komai ba. Ni aikina ya koma duba amsa, in an kira ni. Gwaggo ta kawo sirinji da kwalaben magani marasa komai, suka bi sauran lissafin da su ɗaya bayan ɗaya.

Saura mako biyu ƙawarta ta zo, wadda suke kira Rediyo saboda in ta fara karanto Kundi ba ta tsayawa sai an kashe ta. Ita ma damarta ta ƙarshe ce. Ta tarar da Auta a tsakar gida tana ƙirga ɗigo.

"Ikon Allah! Asibiti kuka buɗe? Nawa ne kati?"

Ta zaro takarda cike da sa hannu. Ɗalibai sun rubuta ƙorafi a kan sabuwar malamar, wai tana fito da tambayoyi daga wajen abin da aka saba. Kuma an ce, in ji wani da ya ji daga wani, hukumar kwalejin ta ja mata kunne, wannan karon daga Kundi za ta ɗauko.

"Ki sa hannu, ki koma haddarki. Kina nan kina wasa da bokiti za ki manta abin da kika sani."

Na ga Auta ta tsura wa takardar ido. Mako huɗu ba ta buɗe Kundi ba. In jita-jitar gaskiya ce, masu hadda za su gama kafin ta gama tambaya biyar.

"Zauna in nuna miki abu," in ji Auta. "Ta sha huɗu ba daidai ba ce."

"Kundin ne ba daidai ba? Gwaggo, kina jin 'yarki?"

"Ina ji," in ji Gwaggo. "Ki zauna."

"Awa biyu ina kallon ruwa? Wallahi ina da shafi goma da zan maimaita." Ta naɗe takardarta ta tafi tana dariya. Auta ba ta sa hannu ba, kuma ba ta tambaye ni mabuɗin durowa ba.

Ranar jarrabawa ta dawo da la'asar, ta zauna a bakin ƙofa ta cire takalmi.

"Lambobin duk sababbi ne," ta ce. "Sai guda ɗaya. Ta sha huɗu ta kawo, yadda take a Kundi, ko waƙafi ba ta canza ba. Kuma ta rubuta a saman takarda cewa duk amsar da za ta iya kashe majiyyaci, ta kayar da mai ita, ko da ya ci sauran."

"Me kika rubuta?"

"Yaya, hannuna har ya fara rubuta takwas ɗin tamanin da uku. Sai na ga bokiti."

Bayan kwana goma aka manna sakamako a allon sanarwa. Auta ta samu sittin da ɗaya. Ba wani abin a buga ganga ba ne, amma ta tsallake, farar rigarta tana nan. Cikin su arba'in da shida da suka sake zama, talatin sun rubuta tamanin da uku. Goma sha ɗaya daga cikinsu damarsu ta ƙarshe ce. Rediyo tana ciki.

Har yau in na tuna yarinyar nan raina yana ɓaci. Wadda ta iya riƙe tambaya ashirin da tara a ka, da kowace lamba a mazauninta, ba daƙiƙiya ba ce. An same ta da ƙwaƙwalwa mai kyau, aka ce mata ga yadda ake karatu, ta yi biyayya. Malamin da ya koya mata hakan yana gida yana cin fansho. Ita aka kora.

Mama ta ce lokaci ne ya yi.

Litinin ɗin da sababbin ɗalibai suka fara zuwa, Gwaggo ta sa na raka ta shagon fotokwafi na bakin kwalejin. Ta kwana biyu tana rubuta takardar da ta ɓace, da kyakkyawan rubutun nan nata da bai tsufa ba: ƙarshen ta sha huɗu, ta sha biyar cikakkiya, da bayanin hanya. Kundi yana jibge a kan kanta, sababbin bugu, har da bango mai launi.

"Ka sa wannan tsakanin sha huɗu da sha shida," ta ce wa mai shagon.

Ya juya takardar gaba da baya. "Hajiya, ba zai yiwu ba. Yaran nan na asali suke nema. In suka ga an taɓa shi, shagon gaba za su tafi."

"Ni na rubuta na asalin."

Ya yi dariya. "Kowa haka yake cewa."

Na buɗe baki, Gwaggo ta taka mini ƙafa. Ta ce ya buga mata takardar guda ɗari, ya buga. Ta ja bencinsa zuwa bakin ƙofa, ta zauna, ta ɗora su a cinya, ta maƙala agogonta a ƙirji.

Wata yarinya ta fito daga shagon rungume da sabon Kundi, ko ledarsa ba ta cire ba.

"Ke, 'yata," in ji Gwaggo. "Zo nan. Buɗe ki nemo mini tambaya ta sha biyar."